Tarihin Tafiyar Rani Daga Ƙasar Tasawa Zuwa Bakin Teku

Tafiya zuwa biranen bakin teku a lokacin rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Tasawa, tun daga Hawandawaki da ke kudu, dab da iyakar Najeriya, har zuwa garuruwan Mayahi a arewa maso yamma. Ƙasa ce ta jigawa da yashi, babu kogin da ke gudu duk shekara, kuma teku mafi kusa da ita, wadda ke Legas, ta haura kilomita 1,000 a mota. Duk da wannan nisa, sunayen Ikko, wato Legas, da Kwatano da Lome da Abijan da Ankara ta Gana ba baƙi ba ne a bakin manoman yankin. Akasarin masu wannan tafiya neman abin kai ne ya fitar da su. Fita domin hutawa kawai ta zo ne can baya, kuma har yau ba ta wuce tsirarun mutane ba.

Tushen al'adar yana cikin yadda shekara ta kasu. Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Ana girbin gero da dawa da wake da gyaɗa a Oktoba da Nuwamba, kuma da zarar an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, sai aikin gona ya tsaya cak na kusan wata bakwai, in ban da masu fadama da 'yan lambu. Lissafin magidanci a wannan lokaci bayyananne ne: duk bakin da ya bar gida ya sauƙaƙa wa rumbu, in kuma ya dawo da 'yan kuɗi to riba biyu ke nan. Tsarin gandu ma ya taimaka. Saurayi yakan yi wa mahaifinsa ko wansa aiki a gandu duk damina, amma rani nasa ne, abin da ya samu a cikinsa shi zai yi wa kansa tufafi da shi, ya tara na aure. Shi ya sa cin rani ya zama abin da kowa ya yarda da shi, ba a ɗauke shi gudun gida ba. Maƙera da masaƙa da wanzamai da mahauta da 'yan koli sukan bi kasuwanni, malamai su ɗebi almajiransu su yi gabas, 'yan dambe da 'yan kokawa su bi garuruwan da aka yi kaka mai kyau.

Kafin zuwan Turawa, irin wannan yawo bai cika wuce ƙasar Hausa da Barno ba. Doguwar tafiya sana'ar fatake ce. A da Tasawa tana cikin ƙasar Katsina, kuma bayan jihadin farkon ƙarni na 19, da sarautar Katsina ta dā ta koma arewa ta kafu a Maraɗi, garin ya ci gaba da zama mashigar ayarin Abzinawa masu sauko da gishirin Bilma su koma da hatsi da tufafi. Da irin wannan ayari ne Bajamushe Heinrich Barth ya iso Tasawa a Janairun 1851, kafin ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. A wancan zamani, tekun da aka fi jin labarinta a nan ita ce ta arewa, Bahar Rum, domin ta Tarabulus ne takarda da alharini da tsakiya da allura suke shigowa.

Ɗaya daga cikin Hausawan farko da labarin tafiyarsu ta teku ya wanzu a rubuce ɗan wannan shiyya ne. An haifi Dorugu wajen 1839 a Dambanas, kusa da Kance, gabas kaɗan da ƙasar Tasawa. Mahara suka kama shi yana yaro aka kai shi Barno, inda Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta shi a Kukawa. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Barth har Tumbuktu, sannan a 1855 suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta tsibirin Malta zuwa Marseille, suka ratsa Faransa suka isa Landan a Satumba. A Ingila ne J. F. Schön ya rubuta labarin daga bakinsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Darajar labarin ita ce mai kallon Bahaushe ne, abin kallon kuwa Turai ce, alhali yawancin littattafan tafiya na ƙarnin akasin haka suke. Dorugu ya komo Afirka daga baya, ya rasu a Kano a 1912.

Hanyar kudu ta fataucin goro ce. Ayari kan tashi bayan kaka ƙarƙashin madugu, jagaba a gaba, jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a bi ta Jugu da Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara da wannan fatauci, kuma zuwa da dawowa kan ci kusan shekara. Abin lura shi ne fataken ba sa kaiwa ga teku. Daular Ashanti ta tsayar da baƙin arewa a Salaga, ba ta barinsu su shiga kurmi inda goron yake, balle su gangara gaɓa. Sai da Ingilawa suka ci Kumasi da yaƙi a 1874 wannan shinge ya fara rushewa, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa mazauna kasuwar zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara.

Hausawan da suka riga fatake ganin tekun Atlantika ba da son ransu suka gan ta ba. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa dubbai cikin bauta, aka gangara da su Ikko da Badagiri da Wida aka loda a jirage zuwa Bahiya ta Birazil, inda tarihi ya rubuta yunƙurin tawayensu a 1807 da 1809 da 1814. A Legas kuma, daga cikin bayin da suka kuɓuta ne John Glover ya kafa rundunar Hausawa a 1863. Ba abin mamaki ba ne da aka daɗe a arewa ana ambaton kurmi da bakin ruwa da fargaba.

Teku ta uku ita ce Bahar Maliya. Maniyyaci kan sallami iyali kamar wanda ba zai dawo ba, ya yi gabas ta Barno da Wadai da Darfur, yana tafe yana ƙwadago, har ya isa Sawakin ya jira jirgin da zai kai shi Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ma a Sudan suka yada zango har abada, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Har jiragen sama suka fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, ba a daina bin wannan hanya a ƙasa ba.

Mulkin mallaka ne ya mai da tafiyar bakin teku ta zama ta talaka. Ya shigo ƙasar da jini: rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga Kwara, a Maijirgi kusa da Tasawa ta wargaje a Yulin 1899. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 suka bar Tasawa da Maraɗi a hannun Faransa, Katsina da Daura a hannun Ingila, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Garuruwa irin su Hawandawaki suka wayi gari a bakin iyaka, dangi da kasuwanni rabi nan rabi can. Faransawa suka ɗora harajin kai da ake biya da kuɗi, suka haɗa da aikin tilas da ɗaukar soja. Manomin da bai da komai sai gero dole ya nemo tsaba, kuma inda tsabar take shi ne kudu. Kuɗin Ingila sun daɗe suna yawo a kasuwannin kudancin Nijar saboda wannan dalili. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta ƙara tura jama'a. Tasawa ce mazaunin kumandan na yankin har 1927 da aka mai da shi Maraɗi, wadda cinikin gyaɗa ya ɗaga daga baya.

A daidai wannan lokaci hanyar ta gajarce. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe zirga-zirga zuwa Legas a 1912, tafiyar watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Ɗan Tasawa kan taka da ƙafa ko ya bi jaki ta Daura ko Katsina zuwa Kano, in yana da kuɗin tikiti ya hau jirgi, in babu ya ci gaba da takawa yana aikin lada a hanya. Manyan 'yan kasuwa sun fi kowa saurin gane amfanin teku. Alhasan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji da aka haifa a 1877, ya yi fatauci a Gwanja da Ankara, kuma yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Legas maimakon a kewayo da shi a bayan jaki.

Abin da ya riƙe wannan tafiya har ta ɗore shi ne zango. Duk birnin da Hausawa suka sauka sukan kafa unguwarsu, da masallaci da sarkin zango da limami da mahauta: Sabo a Ibadan, wadda aka keɓe a 1916, Agege da Obalande da Idi-Araba a Legas, Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a Ankara, da Nima, da zangunan Kumasi da Lome da Kwatano, da Tireshbil da Ajame a Abijan. Baƙo ba ya neman otal. Yakan nemi maigidan da mutanen garinsu suka saba sauka wurinsa, a ba shi wurin shimfiɗa tabarma a zaure, a nuna masa inda ake samun aiki, a ajiye masa kuɗinsa amana har ranar komawa. In ya yi ciwo a yi jinyarsa, in ya rasu a yi masa sutura a aika gida. Maigida kuwa yana samun la'ada daga dillancin shanu da goro, yana samun girma daga yawan mutanensa. Babu hukumar da ta tsara wannan, amma ya yi wa matafiya aikin masauki da banki da ofishin neman aiki gaba ɗaya, kuma ya fi gwamnatocin da suka zo suka wuce daɗewa.

Ayyukan da ake yi a can sanannu ne: dako a tashar jiragen ruwa, ga-ruwa, gadi, suya, sayar da shayi, yankan farce, gyaran takalmi, ƙwadago a gonakin koko. Babu mai sauƙi a cikinsu. Wata ƙidaya da aka yi a mashigai da maƙetaran lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, wadda masanin ƙasa R. M. Prothero ya yi nazarinta, ta nuna fiye da mutum 250,000 sun wuce kudu a rani guda, cikinsu har da masu yawa daga ƙasar da Faransa ke mulki. Wannan ta yamma ce kawai, ba a haɗa da masu bi ta Katsina da Kano ba.

Kuskure ne a ɗauka talauci kaɗai ke fitar da samari. Akwai kwaɗayin ganin duniya, akwai kuma gasa tsakanin tsara. Wanda ya je Ikko ya ga jirgin ruwa mai hawa-hawa, ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, ya dawo da keke ko rediyo ko agogo, da atamfar uwa da turaren budurwa, ya sami abin faɗi a dandali na shekara guda. Wanda bai taɓa fita ba kuwa sai a riƙa yi masa kallon ɗan ƙauye ko a cikin ƙauyen. Jean Rouch ya kama wannan ɓangare a fim ɗinsa Jaguar, wanda ya ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 game da samari uku daga yammacin Nijar da suka gangara Gwalkwas, wato Gana ta yau, suka sha wuya, suka yi ado, suka dawo gida suka rabar da abin da suka samo. Ranar hutu a zango, bayan sallar Juma'a ko ranar Lahadi, ma'aikatan kan fita bakin ruwa kallo, su ɗauki hoto a aika gida. Iyakar yawon buɗe idon mai cin rani ke nan, a cikin ratar da aiki ya bari.

Hutu a matsayin haƙƙin ma'aikaci, wanda ake biyansa albashi yana zaune, daga Turai ya taso. A Faransa dokar 1936 ce ta ba kowane ma'aikaci mako biyu a shekara, jama'a suka yi tururuwa zuwa gaɓar teku. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni suka fara haɗa jirgi da masauki da abinci a farashi ɗaya, kamfanin Club Med ya buɗe sansaninsa na farko a tsibirin Mayorka a 1950, daga nan gaɓar Sifen da Italiya da tsibiran Girka suka cika da mutanen arewacin Turai masu gudun sanyi da hazo. Rana suke biya su je su sha. Mutumin Tasawa, wanda zafin Afrilu ke haura masa digiri 40, ba rana ce ta yi masa ƙaranci ba. Abin da ke burge shi a gaɓa shi ne yalwar ruwa, da iska mai laima, da ciyawa shar a tsakiyar rani.

A ƙasashen da Faransa ke mulki, an soke aikin tilas a 1946, dokar ƙwadago ta 1952 kuma ta tabbatar wa masu albashi hutun shekara. Amma masu albashi 'yan kaɗan ne: malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan asibiti da gidan waya. Waɗanda suka fi kowa ilimin boko a cikinsu sun yi karatu a makarantar William Ponty, wadda daga 1913 zuwa 1938 take a tsibirin Gore, daura da Dakar. Bubu Hama da Diori Hamani duk sun zauna a wannan tsibiri, kuma Diori ya koyar a Maraɗi bayan ya dawo. A ɓangaren Najeriya, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi jirgin ruwa zuwa Ingila da Makka a 1921, Abubakar Imam kuma ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jarida ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tsofaffin sojoji ma sun ga tekuna, na Faransa a Marseille da Madagaska da Indocin, na Ingila a Indiya da Bama. Ta bakin waɗannan rukunoni ne labarin ƙasashen ƙetare ya bazu a ƙasar Hausa, tun ba a fara zuwa can don nishaɗi ba.

Bayan 'yancin kai a 1960, mota ta maye gurbin ƙafa da jirgin ƙasa. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram ta sami kwalta, alhazan Maraɗi suka bunƙasa da shigo da kaya ta tashoshin Kwatano da Lome suna tura su Najeriya. Farin shekarun 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke tumbatsa a Najeriya, sai cin rani ya ƙaru, kwanakinsa kuma suka tsawaita. Wasu suka fara tsallake damina ɗaya, suna aiko da kuɗin ƙwadago maimakon su dawo da kansu.

Ƙofar gaɓa ba a buɗe take kullum ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, zanguna suka yi ta kwashewa, mutanen da aka haifa a can suka nufo garuruwan da ba su taɓa gani ba. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba 'yan yankin izinin shiga ƙasashen juna na kwana 90 ba biza, amma hakan bai hana Najeriya korar baƙi a Janairun 1983 da kuma 1985 ba. Rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi a 1984, wanda ya kai har 1986, ya faɗo kan fari mai tsanani, har mutanen ƙasar Maraɗi suka raɗa wa yunwar shekarar sunansa. Ga gari kamar Hawandawaki, da kasuwanninsa da danginsa ke haye da iyaka, kowace rufewa takan taɓa tukunya kai tsaye.

Daga shekarun 1970 hanyar arewa ta farfaɗo, wannan karon a bayan manyan motoci ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Yawancin 'yan Nijar da ke bin ta aiki suke nema a Sabha da Tarabulus da Tamanrasat da Aljas su dawo, ba ƙetara teku suke nufi ba, ko da yake daga gaɓar nan ce kwale-kwalen wasu baƙin ke tashi zuwa Malta da Lampedusa, tsibiran da Turawa ke zuwa hutu. Hanya ce mai cin rai. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su.

A yau motocin safa na kamfanoni irin su Rimbo da STM suna ɗaukar fasinja daga manyan garuruwan Nijar zuwa biranen gaɓa, wayar hannu ta maye gurbin wasiƙar da ake ba ɗan gari ya kai, kuɗi kuma na isowa ta Nita ko Amana a yinin da aka tura su. Masu fita hutu na gaskiya, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai a lokacin dogon hutun makaranta, sukan nufi Lome ko Kwatano ko Dakar, masu hali su wuce Dubai ko su yi umara da azumi, kuma ko su ɗin da wuya su dawo ba su haɗa da sayayya ko ganin likita ko ziyarar dangi ba. Ga sauran jama'a, tafiyar nishaɗi ita ce ta kusa: kallon hawan salla a Daura ko Katsina, biki a garin dangi, ko gasar kokawa ta ƙasa da ake yi tun 1975.

Siyasa na ci gaba da juya hanyar. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar Nijar da Najeriya har Maris 2024, ta Benin kuma ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, abin da ya karkatar da kaya masu yawa zuwa tashar Lome ta Burkina Faso. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar Afirka ta Yamma ta tabbata. A gefe guda kuma, tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka tsara zai haɗe da layin da ke gangarawa Legas.